Zagayen Keke A Tsaunukan Alli Na Kudancin Ingila

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a aji ya san alli, amma kaɗan ne suka san cewa akwai ƙasashen da alli ya yi tsaunuka, har mutane suna noma da kiwo da gina garuruwa a kansa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne jerin tuddan da ake kira South Downs a kudancin Ingila, waɗanda suka miƙa daga kusa da birnin Winchester har zuwa garin Eastbourne a bakin teku. A bisa doron tuddan akwai wata hanya mai tsawon kilomita 160, wadda aka buɗe sashenta na farko a shekarar 1972 domin masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki da masu keke. A shekarar 2010 aka mai da yankin gandun ƙasa mai kariyar doka, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,600.

Wannan maƙala za ta bi wani zagaye da masu keken hawan dutse suke yi a arewacin birnin Brighton, domin a nuna abin da ke ƙarƙashin tayar keken, da tsirrai da ƙwarin da ke gefen hanya, da kuma dalilin da ya sa wannan muhalli yake cikin haɗarin ɓacewa.

Keken Da Hanyar

Keken hawan dutse ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda wasu samari suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan tsauni. Ya bambanta da keken da aka saba gani ta wajen faɗin taya mai gwatso-gwatso don kama ƙasa, da ƙarfin birki, da yawan giya. A shekarar 1996 aka shigar da tserensa cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. A Ingila kuwa, wata doka ta shekarar 1968 ita ce ta ba masu keke izinin bin hanyoyin dawaki na karkara, bisa sharaɗin su kauce wa masu tafiya a ƙasa da mahaya.

Zagayen yakan fara daga dajin shaƙatawa na Stanmer, wanda ke maƙwabtaka da Jami'ar Sussex. Daga nan mai keke zai fuskanci arewa yana hawa sannu a hankali har ya kai ƙololuwar Ditchling Beacon, mai tsayin mita 248 daga doron teku. Sai ya juya yamma ya bi doron tudu, ya wuce wasu tsofaffin injinan niƙa guda biyu masu aiki da iska, na ƙarni na 19, waɗanda ake kira Jack da Jill. Zai gangara ƙauyen Pyecombe, ya sake hawa, ya ratsa Saddlescombe, ya isa wani kwari mai zurfi da ake kira Devil's Dyke. Daga nan sai ya gangaro kudu ta bin gurbin wani tsohon layin dogo da ya yi aiki daga 1887 zuwa 1938, ya ratsa bayan gari ya koma inda ya taso. Ga mai matsakaicin ƙarfi, tafiyar rabin yini ce.

Hawan farko ya isa a yi darasin lissafi da shi. A ɗauka nauyin mutum da kekensa kilo 80 ne, kuma zai hau tudu mai tsayin mita 200. Aikin da za a yi shi ne nauyi sau ƙarfin jan ƙasa, wato kimanin 10, sau tsayi: 80 sau 10 sau 200, wanda ya ba da jul 160,000. Sai dai tsokar ɗan Adam ba ta iya mai da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuzarin abinci ya zama motsi. Ke nan jiki zai ƙona kimanin jul 640,000, sauran kashi ukun kuma su zama zafi. Wannan ne ya sa mai keke yake gumi ko da a cikin sanyin Ingila. Giya ba ta rage yawan aikin da za a yi. Tana rarraba shi ne a kan juyin feda masu yawa, ta yadda tsoka ba za ta gaji da wuri ba.

Asalin Allin

Inda ciyawa ta zaizaye a kan hanya, ƙasar fara ce fat. Wannan farin dutse kusan dukkansa, wato fiye da kashi 95 cikin ɗari, sinadarin kalsiyam kabonet ne, kuma halittu masu rai ne suka samar da shi.

Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 66 da suka wuce, a ƙarshen zamanin da masana ke kira Kiritashiyas, duniya ta fi ta yau ɗumi, tekuna kuma sun fi na yau tudu da fiye da mita 100. Sunan zamanin kansa daga kalmar Latin ta alli aka samo shi. A lokacin, ruwa mai ɗumi ya lulluɓe yawancin arewa maso yammacin Turai. A saman ruwan akwai wasu ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak, dangin gansakuka, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Kowaccensu tana lulluɓe jikinta da 'yan faya-fayen kalsiyam kabonet da ake kira kokolit. Galibinsu faɗin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Idan halittar ta mutu, faya-fayen sai su nitse su kwanta a ƙasan teku. Cikin shekara dubu, abin da ke taruwa bai wuce santimita kaɗan ba, amma da yake an kwashe miliyoyin shekaru ana haka, sai da kaurinsa ya kai ɗaruruwan mitoci. Da ma Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Masanin halittu Thomas Henry Huxley shi ya laƙaba wa faya-fayen sunan kokolit a shekarar 1858, bayan ya duba taɓon da aka ɗebo daga ƙasan tekun Atlantika da madubin ƙara girma. A shekarar 1868 ya gabatar wa ma'aikata wata lacca a birnin Norwich a kan gutsuren alli guda, inda ya nuna musu cewa ƙasar da suke takawa ƙasan teku ce a da. Dangin waɗannan halittu suna nan a tekuna har yau, wani lokaci ma sukan yi yawan da kumbon da ke ɗaukar hoton duniya daga sama yakan hango ruwan ya koma fari-fari.

Irin wannan tarihi bai tsaya a Turai ba. Farin dutsen da ake haƙowa don yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar, da Ashaka a jihar Gombe, shi ma kalsiyam kabonet ne da ya taru a ƙasan wasu tsofaffin tekuna da suka taɓa shigowa cikin yankin. Amma allin da ake rubutu da shi a allo a yau yawancinsa ba daga irin wannan dutse ake yin sa ba, daga jifsam ne, wato kalsiyam salfet. Malami yana iya bambance su a aji cikin sauƙi: idan aka ɗiga ruwan lemun tsami a kan kalsiyam kabonet zai yi kumfa saboda iskar kabon dayoksaid da ke fita, jifsam kuwa ba ya yi.

Yadda Ƙasan Teku Ya Zama Tudu

Wanda ya tsaya a ƙololuwar Ditchling Beacon zai lura da cewa gefen arewa na tudun ya yanke da tsananin gangara, gefen kudu kuwa ya kwanta sannu a hankali zuwa teku. Dalili shi ne motsin ɓawon duniya. Yayin da farantin nahiyar Afirka ya riƙa tunkuɗar na Turai, wanda shi ne ya tayar da tsaunukan Alps, matsin ya kai har kudancin Ingila, ya tanƙwara shimfiɗar allin ta yi doro kamar an kife ƙwarya. Daga baya ruwa da iska suka cinye saman doron, suka bar gefuna biyu: North Downs a kudancin Landan, da South Downs a bakin teku. Filin da mai keke ke hangowa a arewa, wanda ake kira Weald, shi ne tsakiyar ƙwaryar da ya zaizaye.

A cikin allin akwai wani baƙin dutse mai tauri, wato dutsen ƙyastu, jere cikin layi-layi. Shi ma daga halittu ya fito: sinadarin silika ne daga ƙwarangwal ɗin soson teku da makamantansa, wanda ya narke ya sake daskarewa cikin allin. Idan ya fashe bakinsa yana da kaifi kamar aska. Kimanin shekara 6,000 da suka wuce mutanen zamanin dutse sun haƙa ramuka fiye da 200 a Cissbury, kusa da garin Worthing, suna ciro shi don yin gatari. Kaifin da ya amfane su shi ne ke yanka tayar keke a yau, shi ya sa mai wannan zagaye ba ya rabo da kayan faci da famfo. Haɗari na biyu shi ne jiƙaƙƙen alli, musamman inda gansakuka ta hau shi, domin santsinsa kamar na sabulu ne, birki kuma ba ya kamawa.

Kwari Ba Kogi

Zurfin kwarin Devil's Dyke ya kai kimanin mita 100, siffarsa kuma irin ta kwarin da kogi ya haƙa ce, amma babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Alli dutse ne mai ƙananan ƙofofi da tsage-tsage, ruwan sama yana sauka sai ya shige ƙasa. To me ya haƙa kwarin? A zamanin ƙanƙara, wanda na ƙarshensa ya ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce, manyan tulin ƙanƙara ba su kai wannan yanki ba, amma ƙasar ta daskare har can ciki, ƙofofin allin suka toshe. Idan bazara ta zo dusar ƙanƙara ta narke, ruwan ba shi da hanyar nitsewa, sai ya kwarara a sama yana jan ɓarɓashin dutse da taɓo. Da duniya ta yi ɗumi ƙofofin suka buɗe, ruwa ya koma ƙarƙashi, kwarin ya bushe.

Saboda rashin ruwa a saman tudu, makiyaya suka riƙa haƙa 'yan tafkuna masu siffar kwano suna daɓe su da yumɓu. Ana kiran su tafkunan raɓa, ko da yake bincike ya nuna yawancin ruwansu na sama ne. Mai keke zai ga irinsu a gefen hanya kusa da Ditchling Beacon. Ruwan da ya nitse kuwa yana taruwa cikin allin, kuma daga nan ne birnin Brighton yake samun ruwan shansa ta rijiyoyin burtsatse. A nan akwai matsala: sinadarin naitiret na takin zamani yana bin ruwan zuwa ƙasa, yana tafiyar da ba ta wuce kimanin mita ɗaya a shekara ba. Ke nan takin da aka zuba a gona shekaru da dama da suka wuce yana iya isa rijiya a yau.

Arzikin Ƙasa Mara Taki

Ƙasar da ke bisa allin siririya ce, a wurare da yawa kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Tana saurin bushewa, tana da yawan kalsiyam, ga ƙarancin naitirojin da fosfaras. Duk da haka, a tsohuwar makiyayar alli ana iya ƙirga nau'in tsirrai har 40 a cikin murabba'in mita ɗaya, abin da ya sa take cikin muhallan da suka fi yawan nau'in tsirrai a Turai.

Mai karatu zai yi mamakin yadda ƙasa mara ƙarfi ta fi mai ƙarfi yawan nau'o'i. Bayanin yana cikin gasa. A ƙasa mai taki, wasu 'yan ciyayi masu saurin girma sukan yi tsawo su tare hasken rana, su kashe na ƙasa da su. A ƙasar alli babu tsiron da ke samun isasshen abincin da zai danne saura, haƙoran tumaki kuma suna datse duk wanda ya ɗaga kai. Ta haka ƙananan tsirrai masu jure fari suke samun wurin zama kafaɗa da kafaɗa. Daga cikinsu akwai Phyteuma orbiculare mai shuɗin fure, wanda jihar Sussex ta ɗauka a matsayin furenta, da Ophrys apifera, wanda furensa ya yi kama da macen wani ƙudan zuma don ya yaudari namiji ya ɗauki ƙurar barbara. A Ingila wannan tsiro yakan yi wa kansa barbara ne, kamar yadda Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na shekarar 1862 kan wannan dangin furanni. Darwin ya yi yawancin lurarsa ne kusa da gidansa a ƙauyen Downe, a kan allin North Downs.

Wata alama da mai keke zai iya gani daga kan sirdi ita ce 'yan tsibi-tsibin ƙasa lulluɓe da ciyawa, gidajen wata rawayar tururuwa mai suna Lasius flavus. Sukan ɗauki shekaru masu yawa kafin su girma, garma kuma tana rushe su nan take. Saboda haka duk filin da suka yi yawa, an daɗe ba a nome shi ba.

Tumaki, Zomaye Da Malam-buɗe-littafi

Wannan makiyaya ba haka kawai ta wanzu ba. Manoman farko ne suka sare dazuzzukan tuddan dubban shekaru da suka wuce, kiwon tumaki kuma ya hana itatuwa dawowa. Da rana tumakin suna kiwo a kan tudu, da dare a kora su gonakin da ke ƙasa su zuba taki. Ta haka aka yi ɗaruruwan shekaru ana kwashe abincin tsiro daga tudu zuwa gona, tudun ya ci gaba da zama mara taki. A ƙarshen ƙarni na 18 wani manomi mai suna John Ellman na ƙauyen Glynde ya inganta irin tumakin yankin, waɗanda ake kira Southdown, har suka yi suna a ƙasashe da dama.

Masanin tsirrai Arthur Tansley, wanda ya shigo da kalmar da ake nufin tsarin zaman halittu da muhallinsu cikin kimiyya a shekarar 1935, ya yi gwaji a kan waɗannan tuddai tare da abokin aikinsa Robert Adamson, suka buga sakamakon a 1925. Sun kewaye wasu 'yan filaye da waya don hana zomaye shiga. Cikin 'yan shekaru dogayen ciyayi suka mamaye filayen, ƙananan tsirrai suka ragu, 'ya'yan itatuwa suka fara tsirowa.

Abin da suka gani a ɗan fili ya faru a ƙasa baki ɗaya bayan shekara talatin. Kiwon tumaki ya riga ya ja baya, zomaye ne suka rage suna datse ciyawar. A shekarar 1953 wata cutar zomaye mai suna miksomatosis ta shiga Birtaniya, cikin shekara biyu ta kashe kimanin kashi 99 cikin ɗari na zomayen. Ciyawa ta yi tsawo, ƙayoyi da sarƙaƙiya suka rufe gangara da yawa.

Daga cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi da ake kira Adonis. Tsutsarsa tsiro ɗaya tak take ci, wato Hippocrepis comosa, dangin wake. Macen ba ta saka ƙwai sai a kan wanda ya tsiro cikin gajerar ciyawa, a gangarar da ke fuskantar kudu, inda rana ke ɗumama ƙasa. Tsutsar tana fitar da wani ruwa mai zaƙi da tururuwa ke sha, su kuma suna kare ta daga maƙiya, har sukan rufe ta da ƙasa da dare. Da ciyawa ta ƙaru da 'yan santimitoci, sai ƙasa ta yi sanyi, macen ta rasa wurin saka ƙwai, ko da tsiron yana nan. Adadinsa ya faɗi ƙwarai har zuwa ƙarshen shekarun 1970. Binciken masanin ƙwari Jeremy Thomas ne ya fito da wannan alaƙa fili, kuma da aka dawo da kiwo, zomaye ma suka farfaɗo, sai ya sake yaɗuwa a wurare da dama. Wani ɗan'uwansa, babban shuɗi, wanda tsutsarsa ke rayuwa cikin gidan wata jar tururuwa, bai yi wannan sa'a ba: ya ƙare ƙaf a Birtaniya a shekarar 1979, sai da aka sake kawo irinsa daga ƙasar Suwidin a shekarun 1980.

Halin Da Ake Ciki

Babbar asarar ta fara ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka nome makiyayu da yawa don samar da abinci, aka kuma ci gaba da haka bayan yaƙin da tarakta da takin zamani. An ƙiyasta cewa Birtaniya ta rasa kimanin kashi 80 cikin ɗari na makiyayar allinta tun daga lokacin. A gandun South Downs abin da ya rage bai wuce kimanin kashi 4 cikin ɗari na faɗin yankin ba, yawanci a gangarar da tarakta ba ta iya hawa. Gutsattsarin sun yi nisa da juna, ƙwarin da ba su iya dogon tashi ba sa iya ƙaura daga wannan zuwa wancan. Filin da aka taɓa nomewa aka zuba masa taki kuwa yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya fara kama da na da.

Masu kula da yankin suna sare sarƙaƙiya, suna sako tumaki da shanu a lokutan da suka dace, suna kuma watsa irin tsirran asali a tsofaffin gonaki don a haɗe gutsattsarin. Mai keke shi ma yana da nasa haƙƙin: ya tsaya kan hanyar da doka ta ba shi, ya guji jan birki da ƙarfi a kan ciyawa domin siririyar ƙasar da ta tone ba ta saurin dawowa, ya kuma rufe duk ƙofar shingen da ya buɗe don kada dabbobi su fita.

Kammalawa

Wannan zagaye ya nuna cewa kare muhalli ba kullum yake nufin a kewaye wuri a bar shi ba. Makiyayar alli tana lalacewa idan aka nome ta, tana lalacewa idan kiwo ya yi yawa har ƙasa ta tone, haka kuma tana lalacewa idan aka daina kiwon baki ɗaya. Aikin masanin halittu shi ne ya auna ya gano gwargwadon da ya dace da kowane wuri.

Malami yana iya maimaita gwajin Tansley a harabar makaranta. A farkon damina a kewaye fili mai murabba'in mita ɗaya da waya don hana awaki shiga, a auna wani irinsa a kusa a bar shi a buɗe. Kowane mako biyu ɗalibai su ƙirga nau'in tsirran da ke cikin kowanne, su auna tsawonsu, su rubuta a littafi. A ƙarshen damina a kwatanta sakamakon, a kuma ajiye littafin domin ajin da zai biyo baya ya ɗora a kai, tun da irin wannan canji yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana sosai.